Taswira Ba Ta San Damina Ba: Sharhi kan Taswirar Fadamun Fens ta 1658

Idan ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a wayarka, ka nufi gabashin Ingila, arewa da birnin Kambirij, za ka ga wasu layuka biyu sun miƙe kafaɗa da kafaɗa har kusan kilomita 34, kai ka ce rula aka ɗora aka ja. Koguna ne da aka haƙa da shebur da baro a ƙarni na 17. Na farkon, mai faɗin kusan mita 21, an haƙa shi a shekarun 1630. Na biyun, mai faɗin kusan mita 30, an haƙa shi a farkon shekarun 1650. Dukkansu suna ɗauke da sunan Bedford, kuma an yi su ne don a janye ruwa daga babbar fadamar bakin teku da ake kira Fens.

A shekarar 1658 wani masanin lissafi mai suna Jonas Moore ya fitar da taswirar wannan aiki. Masana tarihin taswira suna yabonta har gobe, kuma sun yi gaskiya. Ni dai abin da nake so mu duba a yau shi ne abin da ta yi shiru a kansa. A ganina taswirar ta auna tsawo da faɗi da ƙwarewa, amma abubuwa uku da ke juya rayuwar fadama ba su samu shiga ba: lokacin shekara, motsin ruwa, da tudu ko gangaren ƙasa. Kuma ingancin awonta ne ya sa mai kallo ba ya lura da wannan giɓi.

Yadda ƙasar take kafin a taɓa ta

Fens fili ne shimfiɗaɗɗe mai kusan murabba'in kilomita 3,900, yana kewaye da wani lungun teku da ake kira Wash. Manyan koguna huɗu ne ke ratsa shi su faɗa teku: Witham da Welland da Nene da Great Ouse. Dukkansu daga tuddan tsakiyar Ingila suke gangarowa, amma da sun shigo filin sai gudunsu ya mutu, don babu gangaren da zai tura su.

Ga wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ƙasar Fens kashi biyu ce. A bakin teku akwai ɗamarar laka da rairayi wadda cikar teku ta yi ta jibgewa shekaru dubbai. A bayanta, ta cikin ƙasa, akwai baƙar ƙasa mai laushi wadda ba komai ba ce illa tsirran fadama da suka mutu suka taru cikin ruwa ba tare da sun gama ruɓewa ba. Ita wannan ɗamarar laka takan tare wa ruwan koguna hanya, teku kuma kullum yana cusa laka a bakunansu sau biyu a rana. Saboda haka ruwa ya kan kwanta a baya, musamman a lokacin sanyi, wanda shi ne daminarsu ta fuskar cikar ruwa.

Mutane kuwa suna zaune a ciki tun fil azal. Garuruwa irin su Ely a kan tsibirai suke. Idan ruwa ya janye da bazara, ciyawa mai kyau ke fitowa, a yi kiwon shanu da tumaki, a yanki ta ajiya. Ana yankar dogayen ciyayi na jinka, ana haƙar baƙar ƙasar a busar da ita a yi makamashi, ana kama agwagin daji. Akwai kuma kifin nan mai siffar maciji, wanda ya yi yawan da har kundin ƙidayar dukiya na Domesday na 1086 ya rubuta wuraren da ake biyan haya da shi. Yawancin wannan arziki a filayen gama-gari yake, inda mai gida a ƙauye ke da haƙƙin kiwo da yanka ko da ba shi da gona ko taki ɗaya a wurin.

Wa ya zana, kuma wa ya biya?

A 1631 wani babban basarake, Francis Russell mai riƙe da sarautar Bedford, ya haɗa kai da wasu masu zuba jari goma sha uku. Yarjejeniyar ita ce su janye ruwan kudancin Fens da kuɗinsu, a biya su da ƙasa eka 95,000, wato kusan hekta 38,000. Daga ina ƙasar za ta fito? Kaso mai yawa daga filayen gama-garin nan. Aikin ya tsaya saboda rigingimu da yaƙin basasar Ingila, sai a 1649 majalisa ta yi dokar da ta farfaɗo da shi. Injiniya ɗan ƙasar Holand, Cornelius Vermuyden, shi ya jagoranci wannan zango na biyu, kuma cikin masu haƙan akwai fursunonin yaƙi 'yan Sikotlan da aka kama a yaƙin Dunbar na 1650. Zuwa 1653 aka ce aiki ya kammala.

Jonas Moore shi ne mai safiyon wannan kamfani. Aikinsa shi ne ya auna ƙasa ya fitar da rabon kowane mai jari. Taswirar da ya buga a 1658 falle 16 ce, a ma'aunin kusan inci biyu ga kowane mil, wato kamar santimita uku ga kilomita ɗaya. Ka tuna fa, wannan awo ne da aka yi da ƙafa da kwale-kwale, da sarƙar awo, a cikin taɓo, a filin da babu tudun da za ka hau ka hango nesa, kuma a tsakiyar mutanen da ba sa ƙaunar ganinka. An daɗe ƙwarai kafin a sake yi wa yankin taswira mai wannan dalla-dalla. Moore ɗin ma ba ƙaramin mutum ba ne: daga baya shi ne ya tsaya tsayin daka har aka kafa cibiyar nazarin taurari ta Greenwich a 1675.

To, yabo ya tabbata. Amma kada mu manta cewa taswirar kamfani ce, kuma tambayar da aka yi ta don amsawa ita ce: ina magudanan da muka haƙa, kuma ina rabon kowa? Abin da bai shafi wannan tambaya ba, ba ta damu da shi ba.

Giɓi na farko: wane wata ne a taswirar?

Duk wanda ya san fadama ya san cewa ba ta da iyaka guda. Inda ka taka busasshiyar ƙasa a wannan wata, bayan wata huɗu sai da kwale-kwale. Mai zana taswira kuwa dole ya ja layi, kuma da ya ja, ya zaɓi lokaci ɗaya ya daskarar da shi.

An fi ganin wannan a littafin da William Dugdale ya wallafa a 1662 kan tarihin gina madatsu da janye ruwan fadamu, wanda masu jarin ne suka ƙarfafa masa gwiwar rubutawa. A cikinsa akwai taswirori biyu na wannan yanki. Ɗaya tana nuna shi a matsayin ƙasar da ruwa ya shanye. Ɗayar tana nuna shi bayan an janye ruwan, da magudanai miƙaƙƙu. Irin hoton nan ne na "kafin" da "bayan" da masu tallan magani ke liƙawa. Ido na faɗawa kansu ya gama yanke hukunci.

Matsalar ita ce ba a yi adalci a kwatancen ba. An ɗauki fadama a mafi munin lokacinta aka mayar da shi halinta na dindindin, sannan aka ɗauki aikin injiniya a ranar da ya fi kyau aka mayar da shi halinsa na dindindin. Abin mamaki, su kansu masu aikin sun san bambancin. Burin zangon farko shi ne samar da ƙasar da za ta bushe da bazara, burin na biyu kuma ƙasar da za ta bushe har da lokacin sanyi. Ashe dai sun san shekara tana da fuska biyu, takardar ce kawai ta nuna fuska ɗaya.

Haƙƙin talaka ma haka ya salwanta. Mallakar fili abu ne mai sauƙin zanawa: layi huɗu, an gama. Amma ta yaya za ka zana haƙƙin sakin shanu daga wata kaza zuwa wata kaza, ko na yankar ciyawar jinka, ko na kafa tarko a rafi? Irin wannan haƙƙi a cikin lokaci yake zaune, taswira kuwa fili kawai ta sani. Mutanen Fens ba su yi shiru ba. Sun fasa madatsu, sun cike magudanai, sun kori ma'aikata. A 1638 a kusa da Ely har taron wasan ƙwallo aka shirya don a fake da shi a rushe aikin. Mai kallon taswirar Moore ba zai taɓa zaton an yi wannan ba.

Giɓi na biyu: magudana daban, hanyar jirgi daban

A kan takarda, kogi da magudana da hanyar jiragen ruwa duk layi ne. A ƙasa kuwa buƙatunsu kishiyoyin juna ne. Mai gona so yake ruwa ya yi ƙasa, ya fita da sauri, teku kuma kada ya shigo. Mai jirgi so yake ruwa ya yi zurfi, hanya ta zauna a buɗe.

Kafin aikin, kogin Great Ouse shi ne babbar hanyar kasuwanci ta yankin. Kaya irin su kwal da gishiri da katako suna sauka a tashar King's Lynn, a loda su a ƙananan jirage su haura ta Ely har Kambirij, inda ake cin babbar kasuwar shekara ta Stourbridge. Hatsi kuma ya gangaro. Vermuyden ya karkatar da yawancin ruwan kogin tun daga garin Earith zuwa sabuwar magudanar, sannan a 1651 aka gina ƙofar ruwa a wani ƙauye mai suna Denver don hana cikar teku haurawa ta tsohon kogin.

A taswira wannan ƙofa ɗigo ce kawai a mahaɗar layuka. Amma ga yadda abin ke aiki. Idan teku ya cika ya haura kogi mai nisa, ruwa mai yawa ne zai dawo idan ya janye, kuma wannan komowar ce ke share lakar da ta kwanta a gindin kogi. Ka toshe hanyar, ka rage ruwan da ke sharar. 'Yan kasuwar King's Lynn da hukumomin Kambirij sun yi ta kai ƙara cewa hanyarsu tana cikewa. A 1713 ƙofar ta fashe, ruwan teku ya sake samun hanya, gonakin da ke bayanta suka sha wuya. A 1725 wani mai safiyo, Thomas Badeslade, ya wallafa littafi kan halin da sufurin ruwa na King's Lynn da Kambirij ke ciki, da nasa taswirorin, yana ɗora laifin kan aikin janye ruwan. Wajen 1750 injiniya Charles Labelye ya sake gina ƙofar. A 1821 kuma aka buɗe wata sabuwar hanya, Eau Brink, don yanke wata faffaɗar lanƙwasa da ke tara laka kusa da King's Lynn.

Ka lura da darasin: Badeslade ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne, ɓangaren masu jirage yake karewa. Ƙasa ɗaya, koguna ɗaya, taswira biyu, hujja biyu. Wanda ya karanta ɗaya kawai ya ji ƙarar mai ƙara bai ji ta wanda ake ƙara ba.

Giɓi na uku: ƙasar da ke nutsewa

Wannan shi ne mafi girma. Baƙar ƙasar fadama yawancinta ruwa ne. Abin da ya hana ta ruɓewa shi ne rashin iskar oksijin a cikin ruwan. Da ka janye ruwan abu uku ke biyo baya. Da farko ta motse kamar soson da aka matse. Sannan iska ta shiga, ƙananan halittu su fara cinye ta, ta koma iskar kabon ta tashi sama. Abin da ya rage kuma, idan ya bushe aka nome, guguwa ta kwashe. Ƙasar da ke taruwa da kusan milimita ɗaya a shekara tana iya raguwa da santimita ɗaya zuwa biyu a shekara.

Saboda haka nasarar aikin ita ta haifi matsalarsa. Gonaki suka yi ta yin ƙasa, koguna kuwa suka tsaya inda suke a tsakanin madatsunsu, don dole su kai ruwa teku. Cikin 'yan shekaru goma-goma ruwa ya daina gangarawa daga gona zuwa magudana da kansa. Aka kawo famfunan da iska ke juyawa, ɗaruruwansu, don ɗaga ruwa sama. Daga baya aka koma injin tururi, irin na Stretham da aka kafa a 1831, sannan dizal, yau kuma lantarki. Kowane sabon inji ya ƙara busar da ƙasar, ita kuma ta ƙara nutsewa.

Akwai shaidar da ido ke gani. A 1851 aka janye ruwan tafkin Whittlesey, wanda a lokacin shi ne mafi girma a kwarin Ingila. A daidai wannan lokaci, a Holme da ke kusa, aka kafa wani ginshiƙin ƙarfe a kan laka mai tauri da ke can ƙasa, aka daidaita kansa da doron ƙasa. Yau ginshiƙin ya fito sama da kusan mita huɗu. Bai motsa ba, ƙasar ce ta sauka ta bar shi. Wurin yanzu kusan mita 2.75 ne ƙasa da fuskar teku, kuma shi ne ake ɗauka mafi gangare a duk Birtaniya. Har tsofaffin rafukan da suka ƙafe sun juye: gindinsu na laka bai motse ba, don haka yanzu su ne 'yan tuddan da ke lanƙwashe a cikin gonaki, a kansu ma ake gina gidaje.

Ka ɗora taswirar Moore a kan ta yau, layuka da yawa za su hau kan juna. Sai ka ce ai babu abin da ya canja. Alhali kuwa kogin da a 1658 yake ƙasa da gona, yau manomi ɗaga kai yake yi ya kalli madatsarsa.

A yi wa Moore adalci

Wani zai ce, ai ba daidai ba ne a tuhumi mutumin 1658 da rashin abin da zamaninsa ba shi da shi. Akwai gaskiya a nan. Layukan nuna tudu da gangare ba su zama ruwan dare a taswirar ƙasa ba sai ƙarni na 19. Ilimin oksijin da ruɓewa kuma sai bayan fiye da shekara ɗari ya zo. Fadamar ma ba aljanna ba ce: zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutanenta ƙarni da ƙarni, ambaliya kuma kan ci dukiya. Yau Fens ce ke riƙe da kusan rabin ƙasar noma mafi daraja a Ingila. Shi ma Vermuyden ya yi hangen nesa: filin da ya bari tsakanin kogunan nan biyu don ruwa ya kwanta lokacin ambaliya har yau yana aiki, kuma ya zama mafakar dubban tsuntsaye. Wata hanyar ruwa da ya ba da shawarar a haƙa ta gefen gabas, sai bayan ambaliyar 1947 aka ga dole, aka kammala ta a 1964.

Duk na yarda da waɗannan. Amma uzurin ya tsaya ne a giɓi na uku. Cewa fadama tana da bazara mai albarka, da cewa mutane na rayuwa da ita, da cewa masu jirage na kuka, babu wanda ya buƙaci sabon ilimi kafin ya sani. An san su sarai. Ba su shiga ba ne saboda wanda ya biya kuɗin awon ba su ya aika a auno ba.

Me ya shafe mu a yau?

Tsofaffin taswirori sun dawo aiki. Ana ɗaukar hotonsu, a shigar da su kwamfuta, a daidaita su da hoton tauraron ɗan'adam, a lissafa dausayin da ya ɓace ko inda za a farfaɗo da shi. A Fens ɗin kanta, inda abin da ya rage na asalin fadamar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shirin Great Fen da aka fara a 2001 yana ƙoƙarin mayar da ruwa wasu filaye a kewayen Holme. Hanya ce mai amfani, amma tana da tarko. Kwamfuta za ta ba ka adadi har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa, alhali layin da ta auna wani mutum ne ya ja shi a wani wata da ba ka sani ba, don biyan buƙatar wani.

Saboda haka idan tsohuwar taswirar fadama ta shigo hannunka, ko ta ina ce, yi mata tambayoyin nan kafin ka ɗauki rula. Wa ya biya aka yi ta? A wane lokaci na shekara aka yi awon, kuma teku a cike yake ko a janye? Layin ruwan nan, don fitar da ruwa aka yi shi ko don jirgi ya bi? Tana faɗin wani abu kan tudu da gangare? Sannan akwai wata taswira ko takardar ƙara daga ɓangaren waɗanda aikin ya taɓa?

Hukuncina kan taswirar 1658 shi ne: shaida ce ta gari a kan inda aka haƙa magudanai da yadda aka raba ƙasa, kuma a wannan fanni da wuya ka kama ta da ƙarya. A kan yadda fadamar take rayuwa kuwa, ba ta isa shaida ita kaɗai ba. A karanta ta tare da ƙorafin 'yan kasuwar King's Lynn, da labarin ƙauyawan da suka fasa madatsu, da ginshiƙin ƙarfen nan na Holme. Shi dai ginshiƙin babu wanda ya biya shi ya faɗi komai, kuma mita huɗun da ya nuna babu su a ko ɗaya cikin fallaye 16 na Moore.